Kai Ɗaya, Lamba Uku

A Jiratawa in ka ce Balkisu sai a tambaye ka wace, don Balkisu sun fi goma. Amma in ka ce Balki mai awo, ko akuya ta san gidan, ga shi can bayan gonakin zogale, inda hanyar ruwan noman rani ta karya kwana. Mijinta Abdu manomin zogale ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, irin wanda za ka ba labari da hantsi sai la'asar ya yi mamaki.

Balkisu ba ta taɓa zama a ajin lakwal ba, wato makarantar boko. Aikin awo ya same ta ne a shekarar nan da gero ya gagari talaka, mata suka yi ta tururuwa zuwa Maraɗi da goyo kamar tsumma. A lokacin ɗiyarta Rahma, ta uku a ɗakinta, tana da wata goma sha huɗu, damtsenta bai fi kaurin kara ba. Da ta kai ta gidan masu tamowa, inda ake jinyar yaran da yunwa ta ramar, sai aka naɗa wa yarinyar wani ɗan madauri na roba a damtse, mai launi uku. In ya tsaya a tsanwa, a ce koma gida. In ya tsaya a ɗorawa, a ce dawo wani mako. In ya kai ja, a ce shigo. Rahma ta faɗa ja. Aka kwantar da ita, aka yi ta ɗura mata madara da abincin gyaɗa na leda, kwana arba'in ta miƙe. Matar da ke bayan Balkisu a layi, nata ɗan ya tsaya a ɗorawa, saura ƙiris, aka sallame ta. Yaron bai ga kaka ba.

Tun ranar Balkisu ta haddace karatu guda, ta riƙe shi kamar Fatiha: a awon Nasara, wanda ya gaza shi ake tsinta.

Lokotoron wurin ya ga mace ce mai ido, ba a nuna mata abu sau biyu, sai ya ba ta madauri nata na kanta, ya ce ta riƙa auna yaran garinsu. Shekara goma sha takwas tana wannan aiki, gida gida, daga Jiratawa har ƙauyukan bakin gulbi. Kuma tana da wata dabara da kowace uwa ta sani amma ba mai faɗa. In ta ga yaro ya tsaya a bakin ɗorawa, ta duba idonsa ta ga ya zurma, ta leƙa rumbun gidan ta ga ɓera ma ya yi ƙaura, sai ta ɗan ƙara jan madaurin, kaɗan dai, har ja ya leƙo. Ta ce, "Ayya, ja ne. Ɗauki zanenki mu tafi." Yara nawa ke yawo yau da gemu saboda wannan ɗan jan, Allah kaɗai ya san adadinsu. Shi ya sa a garin ba a gardama da ita a kan sha'anin Nasara. Takarda ta zo, a kai wa mai karatu ya karanta, sannan a kawo wa Balki ta faɗi abin da ake nufi.

Rahma ta girma, ta gama kolej, ta samu takardarta. Yarinya ce marar surutu, mai son bin ungozomar gari tana riƙe mata kwano. Burinta guda, ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma a Maraɗi, irin ta masu farar riga. Kuɗin makarantar kuwa ko Abdu ya sayar da zogalensa har saiwa ba zai kai ba.

Ana nan sai ga sanarwa a gidan likita. Wani foroje, shirin wata ƙungiyar agaji, zai ɗauki nauyin ƴan mata goma sha biyu, ɗiyan talakawan karkara, har su gama. Amma sai an tara su a wani buro, ofishin forojen, a unguwar Zariya ta Maraɗi, an yi musu awon ƙwaƙwalwa.

Balkisu na jin kalmar awo ta gyara ɗaurin zane.

Ana gobe za a tafi, da rana tsaka suna zage ganyen zogale a tsakar gida, ta ce, "Rahma, matso. In kin je gobe, kada ki kuskura ki nuna musu kin iya."

Rahma ta ɗago. "Inna, jarabawa ce fa."

"Jarabawa suka ce ko awo?"

"Awo suka ce, amma..."

"To rufe mini baki. Ɗiyan wa suka ce za su ɗauka, na alhazai?"

"Na talakawa."

"Yauwa. Kin taɓa ganin Nasara ya ɗauki ƙosasshe ya ba shi abinci? Mai ƙwaƙwalwa a cike mi zai je yi makaranta? Wanda tasa ta rame shi za su ɗauka su ƙosar. Ke da kike zaune nan, da kin cika awo ranar da na kai ki, da yanzu kabarinki ya shafe."

Abdu na gefe yana gyaran ƙotar kalme. Ya ce, "Balki, anya kuwa? Ni dai na ji ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Kai yaushe ka taɓa auna ko da kaza, Malam?"

Ya koma kan ƙotarsa.

Rahma ta tafi, ta yi abin da uwarta ta ce. Bayan mako guda aka ba kowace yarinya takarda da lambarta. Ta Rahma hamsin da biyar. Fadila, ɗiyar maƙwabtansu, ta samu ɗari da goma. Balkisu ta tausaya wa uwar Fadila ƙwarai, har ta shiga gidan ta ba ta haƙuri. Daga nan ta bi gari tana shela, a bakin rijiya, a wurin niƙa, a gidan suna. "Tawa hamsin da biyar. Duk ƴan matan nan ba wadda ta kai ta ƙasa. Ja wur!"

Ranar da aka liƙa lista a bangon buro, sunan Fadila na nan na tara. Na Rahma babu, ko a ƙasa, ko a bayan takardar, don Balkisu sai da ta sa aka ɗaga aka duba. Rahma ta juya. Ta hau kabu-kabu ta koma gida ta bar uwarta tsaye.

Abin bai tsaya a rasa makaranta ba. Waɗanda suka ji shelar Balkisu suka je suka tambayi mushen lakwal, malamin makaranta, mi ake nufi da hamsin da biyar, ya gaya musu. Kafin Juma'a ta zagayo gari ya ɗauka cewa Nasara sun leƙa kan Rahma sun tarar da wayam. Har ungozomar gari ta fara cewa a bar mata kwanonta, ta riƙe da kanta.

Balkisu ta tabbata cuwa-cuwa aka yi. Ta bincika, aka ce mata wadda ta yi awon Madam Yunice ce, Kirista, ƴar Tsibiri, malamar da ta karanci halin ɗan Adam. Ranar Asabar da hantsi ta dira a ƙofar gidanta. Ta tarar da mace ƴar shekara arba'in da tabarau, tana shanyar wanki. Aka gaisa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Balkisu ta kurɓa don kada a ce ta ƙi, ta ajiye.

Ta ce, "Madam, ni ma ma'aikaciyar awo ce, saboda haka ba za a yi mini rufa-rufa ba. Tawa ta fi kowa faɗuwa, kuka bar ta, kuka kwashi ƙosassu. Nawa suka ba ku?"

Madam Yunice ta cire tabarau ta goge. "Inna, ban gane ba. Wa ya ƙoshi?"

"Masu ɗari da goma mana!"

Sai da aka sha kewaye kafin kowace ta gane inda ɗayar ta dosa. Madam ta ce su masu lamba sama suke nema. Ta ce ɗari shi ne tsakiya, inda yawancin mutane suke, kuma sunan abin QI, wato ma'aunin basira.

Balkisu ta ce, "Ɗari na mi? Kilo?"

"Ba kilo ba."

"To taƙi? Mudu?"

"Ba ko ɗaya. Gwada ta ake da sa'o'inta. A ba su tambayoyi iri guda, a ga wa ya fi wa."

"Wato ba kan kuka auna ba, tsere kuka sa su."

Madam ta ce, "Kusan haka ne."

"To ku ce tsere mana! Wa ya aike ku ku ce awo? Kuma in kun ɗauki wanda ya riga ya iya gudu, gurgun fa, wa zai ɗauke shi?"

"Inna, mace mai naƙuda za a danƙa mata. Kya so a danƙa ki a hannun wadda ta fi kowa faɗuwa?"

Balkisu ta sunkuyar da kai. Ta dubi ruwan kofi, ta dubi wankin da ke ɗiga, sannan ta faɗi gaskiya, cewa ita ta hana yarinyar amsawa. Madam Yunice ta dafe kai ta ce, "Ya Ubangiji!" Ta ce su zo buro ran Litinin, ita da yarinyar.

Ran Litinin Madam ta zaro takardar Rahma daga cikin tuli. Tambayoyin zane-zane ne, a jera siffofi a bar gurbi, a ce zaɓi wadda ta dace cikin shida. Guda arba'in. Rahma ba ta ci ko ɗaya ba.

Madam ta ce, "Tun farko abin ya ɗaure mini kai. Da kaza aka ɗora a kan takardar nan tana tsattsaga, da ta dace da biyar ko shida. Mutum ba ya kauce wa rami arba'in a jere sai in yana ganinsu."

Balkisu ta washe baki. "Kin ji ko! To a gyara lista."

"Gurbi goma sha biyu ne, an cike, har sun fara karatu. Sai baɗi."

Rahma ta yi magana karo na farko, kanta a ƙasa. "Madam, ba duka na gani ba. Na ƙarshe-ƙarshen ban gane su ba, na dai zaɓa ne."

Balkisu ta ɗaure fuska. Madam ta ce bari ta gwada yarinyar da wata takarda dabam, ba don foroje ba, don a san inda aka kwana. Aka ba ta bik na rubutu, aka duba agogo, aka fitar da uwar waje don ta fara leƙe tana gyaran murya. Da aka gama, lamba ta fito ɗari da ɗaya. Wadda ta zo ta goma sha biyu a lista kuwa ɗari da bakwai gare ta. Wato ko da Rahma ta yi iyakar ƙoƙarinta a ranar farko, ba lalle ta shiga ba.

Balkisu ta rasa ko ta ji sanyi ko ta ji zafi. Laifinta ya ragu, amma ɗiyarta ma ta ragu. Ta ce, "To shidan nan da ta rage, a ina ake samo ta? Abin yana ƙaruwa?"

"Masana ma gardama suke. Makaranta na ƙara shi, wannan an gani. Ciwo da yunwa tun ana goye suna iya rage shi. Amma babba..."

"Yunwa?"

"Wani lokaci. Ba kullum ba."

Balkisu ba ta ji sauran ba. A kan kabu-kabu, tun daga Zariya har Jiratawa, shekarar nan take gani. Ta tuna ta yi mako uku tana jinkirin kai Rahma gidan tamowa, tana cewa haƙori ne. Ko a cikin mako ukun nan shidan ta zube? Wace rana? Kuma in ta zube tun ana goye, ina aka ajiye lambar da yarinyar ta zo da ita duniya, da har za a san an yi asara?

Abin da ta iya shi ta koma yi. Ramamme ciyar da shi ake. Kan kifi daga kasuwar Maraɗi, ƙwai, dabino, kwaɗon zogale har Rahma ta fara ƙin ganin tsanwa. Ta karɓo rubutu wurin malam. Kowace Juma'a ta sa zare ta zagaya kan yarinyar ta ƙulla alama, zare bai motsa ba, sai kumatu da suka cika.

Wata rana Rahma ta ture kwanon. "Inna, don Allah ki bar ni. Kin sa na zama wawuya da gangan, yanzu kuma kina kiwona kamar ragon layya."

"Don ubanki, kanki nake cikawa."

Abdu ya ce daga zaure, "Ni mi na yi kuma?"

Ita Rahma tata hanyar dabam. Wanta Shamsu, mai gyaran babur a Maraɗi, ya sa mata irin waɗannan tambayoyin zane a salula. Kullum in ta gama aikin gida sai ta zauna gindin itacen bedi tana latsawa. Da farko minti ɗaya take a kan guda. Kafin damina ta wuce ta gane hanyarsu, wannan juyawa yake, wannan ƙaruwa yake, wancan biyu ake haɗawa a cire abin da suka yi tarayya. Ungozoma kuwa, da haihuwa ta zo mata da gardama wata rana ta rasa mai hannu, ita da kanta ta aiko a kira Rahma. Aka ci gaba da riƙon kwano, ba wanda ya tada zancen.

Shekara ta zagayo, aka sake tara ƴan mata a buron Zariya. Da safen Balkisu ta buɗe baki za ta yi magana, Abdu ya ce, "Balki." Sau ɗaya ya faɗa. A shekara talatin na aurensu bai taɓa kiran sunanta da wannan murya ba, don mamaki ta yi shiru.

Lamba ta fito ɗari da goma sha huɗu. A lista Rahma ce ta shida. Ta karanta sunanta sau biyu, ta ɗora yatsa a kai, sannan ta juya ta rungume uwarta a gaban jama'a, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

Balkisu ta yi hamdala, ta share ido da gefen mayafi, amma ba ta tafi ba. Ta kutsa cikin buro ta sami Madam Yunice.

"Madam, na zo godiya, na kuma zo tambaya. Kan kifin ne?"

Madam ta yi dariya. "Kifi abinci ne mai kyau, Inna."

"Kada ki yi mini siyasa. Ita ta ce salula ce."

"Ta fi ki gaskiya. Ta saba da irin tambayoyin. Wanda ya bi hanya sau ɗari ya fi baƙo sauri."

"Wato kan bai ƙaru ba, hanya ta sani."

"Wataƙila ya ƙaru kaɗan. Wanda ya zauna shekara guda yana koyon abu shi kaɗai, ba mai tsaye a kansa, ai ba ƙaramin abu ya yi ba. Sai dai takardar ba ta auna wannan."

"To mi take aunawa?"

"Yadda mutum ke warware irin waɗannan tambayoyi, a wannan rana. Kuma sau da yawa wanda ya iya su yakan iya karatu. Shi ya sa muke amfani da ita. Ba mu da wadda ta fi ta."

Balkisu ta ƙirga da yatsu. "Hamsin da biyar, na sani, ni ce. Ɗari da sha huɗu, kin ce salula ce. To ɗari da ɗayan ita ce ɗiyata?"

"Ranar tana cikin fushi da kunya, ga ki kina leƙe ta taga."

"To wace ce ita a ciki?"

Madam Yunice ta juya bik a hannu. "Ban sani ba, Inna. In ta fara karɓar haihuwa, ki tambayi matan."

"Ku da kuka yi karatu har ido ya lalace, amsarku ke nan?"

"Ita ke nan."

Bayan sati biyu aka ɗaure wa Rahma katifa da bokiti a bayan babur ɗin Shamsu, ta tafi makaranta. Ƙurarsu ba ta kwanta ba sai ga Tahira, matar mai gadin injin ban ruwa, ta shigo da sallama, tana janye da ɗiyarta da za ta yi awon baɗi. Labari ya riga ya cika gari cewa Balki ta ɗaga kan ɗiyarta daga hamsin da biyar zuwa ɗari da sha huɗu a shekara guda.

Tahira ta ce, "Yaya Balki, don girman Allah ki taimake ni. Kifin wane iri ne? Kuma in ta shiga ɗakin, mi za ta yi?"

Balkisu ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. Ta jawo kujera ƴar tsugunno ta zauna.

Ta ce, "Tarwaɗa na ba ta. Amma an ce ba ita ba ce. An ce salula ce, an kuma ce salular ma ba kan ta taɓa ba. Wadda ta yi awon da kanta ta ce ba ta sani ba."

"To ni mi zan gaya wa yarinyar?"

"Wallahi, Tahira, kada ki gaya mata kome."